Sunan Ɗan Fari a Gaban Majalisa

Unguwar Kanawa, Kaduna
Farkon watan Yuli

Zuwa ga 'yata Nafisat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya karatu, ya aikin asibiti, ya ruwan Gombe? Mu nan damina ta zauna sosai. Kwanon ɗakin tsakiya ya sake yoyo a wurin da aka liƙe bara, na kafa bokiti. Jinina ya ɗan hau makon jiya, na je an auna, suka ce in rage gishiri in rage tunani. Gishirin dai na rage.

Yayanki lafiya lau, yana cin abinci, bai yi faɗuwar nan tasa ba tun bayan azumi. Sai dai har yanzu kullum da safe sai ya sa takalmin makaranta ya zauna a zaure. Na gaji da gaya masa sun ce ya girma, shekarunsa sun wuce na makarantarsu. Yana zaune har rana ta take, sannan ya cire takalmin ya goge ya ajiye.

Na rubuto ne ban kira ba, domin kin san gidan hayar nan. In na yi magana a waya har Maman Ezra da ke ɗakin ƙarshe tana ji. Kuma abin da zan faɗa ya fi min sauƙi a takarda. Mansur direba zai miƙa miki a tasha.

Kin tuna ƙungiyarmu ta iyaye, wadda muke haɗuwa a Kawo a gidan Madam Naomi, uwar Gidiyon, wadda ta yi ritaya daga koyarwa? To majalisar dokokin jiha tana duba wani ƙudiri kan masu buƙata ta musamman, kuma za a yi zaman jin ra'ayin jama'a a ƙarshen wata mai zuwa. Makafi suna da ƙungiyarsu, kurame da guragu ma haka, kowa zai je ya yi wa kansa magana. Namu yaran, masu lalurar ƙwaƙwalwa tun daga haihuwa, ba su iya tsayawa su faɗi nasu. Madam Naomi ta karanta mana ƙudirin, babu inda ya yi maganar wanda ya girma ya bar makaranta. Muna roƙon a ƙara sashe ɗaya: a buɗe cibiyoyin da irinsu za su riƙa yini suna koyon sana'ar hannu, a kuma sa wanda zai riƙa duba su idan iyaye sun kwanta dama. Kin san wannan na ƙarshen shi ne yake hana ni cin abinci.

An ba ƙungiyarmu ɗan lokaci kaɗan, kuma uwa ɗaya ce za ta yi magana. Ni suka zaɓa. Wai na fi kowa iya jera zance, kuma nawa ne ya fi girma a cikin yaran. Madam Naomi ta ce 'yan majalisa sun sha jin lissafi, mutum suke so su ji. Ta ce, "Hajiya, tashi kawai za ki yi ki ce, ni ce Turai, ɗana sunansa wane, ga yadda muke rayuwa." Kuma za a sa a rediyo.

Nafisat, a wurin na ce zan yi shawara. Kin san shi ne na fari. Tun da na haife shi sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba, ko a ɗaki, balle a gaban maza masu manyan riguna, ga dangin babanku suna ji a rediyo. Ba zan iya ba.

Shi ya sa nake roƙonki, ko za a ba ki hutu ki zo ki tsaya a madadina? Ke ƙanwarsa ce, bakinki a sake yake, ga Turanci. Ki duba min. Ki riƙa shiga gidan sauro, kada ki ce zafi.

Mahaifiyarki,
Turai


Gombe
Tsakiyar Yuli

Umma,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarki, na gode. Ina lafiya, sai gajiyar ɗakin haihuwa. Don Allah ki riƙa shan maganin hawan jinin kullum, ba sai kin ji ciwon kai ba. A gaishe min da Yaya Sharhabil, a ce masa ina nan tafe da takalmi sabo.

Na je wurin shugabar makarantarmu. Makon da za a yi zaman, makon jarrabawarmu ta ƙarshe ne. Ta ce wadda ta fita sai ta maimaita shekara. Ba zan iya zuwa ba, Umma. Kuma ko da na zo, uwa suka ce, ba ƙanwa ba. Ni ban san daren da kika kwana a asibiti da shi ba, ban san abin da malamai suka riƙa gaya miki ba. Ke kika sani.

Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Na san al'adar ɗan fari, a cikinta na tashi. Amma na ga mata da yawa sa'o'inki sun sassauta. Matar Kawu Rabe tana kiran Abdulƙadir da sunansa a gaban kowa tun da ya zama injiniya, har tana ƙara masa da "Injiniya", babu wanda ya ce ta yi rashin kunya. Na daɗe ina tambayar kaina wani abu, yau zan tambaye ki. Da Yaya lafiyarsa ƙalau, da shi ne aka kira majalisa za a ba shi lambar yabo aka ce uwarsa ta tashi ta faɗi sunansa, za ki ce ba za ki iya ba? Ko kuwa al'adar ta zo daidai ne, ta ba ki inda za ki tsaya ba sai kin ce wannan nawa ne a gaban mutane ba?

Kin rubuta cewa dangin Baba za su ji a rediyo. Me za su ji wanda ba su sani ba? Wannan layin na karanta shi ya fi a ƙirga, kuma kowane karatu abu ɗaya yake ce min.

Idan wannan zama ya wuce ba a yi maganarsu ba, Allah kaɗai ya san yaushe za a sake buɗe dokar. Ni zan yi aure wata rana, ban san gidan da zan faɗa ba, ban san ko za su karɓe shi ba. Ki yi tunani, Umma.

'Yarki,
Nafisat


Gombe
Farkon Agusta

Umma,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya ke da Yaya. Mansur ya zo sau biyu babu takarda. Na tambaye shi, ya ce ya gan ki a bakin titi kina sayen gawayi, kin gaishe shi, ba ki ba shi komai ba. Idan na kira sai ki ce lafiya lau, kina kan aiki, ki kashe. Maman Ezra ta ce min kin rame.

Na san na yi miki magana da kaifi. Na rubuta ta ne bayan na fito daga aiki a gajiye, kuma da na ba Mansur na so in karɓo, motar ta riga ta tashi. Ki yi min faɗa, ki zage ni ma, amma kada ki yi min shiru. Ba na iya karatu. Jinin ya sauka? Me kika gaya wa Madam Naomi?

'Yarki mai neman gafara,
Nafisat


Unguwar Kanawa
Tsakiyar Agusta

Nafisat,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Jinin yana hawa yana sauka. Yayanki ya yi mura ya warke. Ban yi fushin da zan zage ki ba. Na zauna zan rubuta sau da yawa, sai hannuna ya ƙi. Ban saba rubuta irin wannan ba, a ajin manya wasiƙar gaisuwa da ta neman aiki aka koya mana.

Kin tambaye ni, zan ba ki amsa. Da injiniya ne, da gwamna ne, ba zan faɗa ba. Uwata ta rasu ba ta taɓa kiran Yaya Nura da sunansa ba, kuma da ya yi haɗari a hanyar Zariya ita ce ta daina cin abinci har aka sallamo shi. Haka aka koya mana so. Abin da ya fi girma a zuciya shi ake rufewa.

Ni na ɓoye shi? Wa ya goya shi yana da shekara bakwai daga nan har asibiti, ƙafafunsa suna jan ƙasa, yara suna bin mu? Wa yake zuwa da shi kasuwa, da biki, da gidan rasuwa, ana matsawa ana ba mu wuri kamar muna ɗauke da wuta? Saboda wa na shiga ajin manya da furfura a kaina, in ba don in karanta takardar maganinsa da kaina ba, bayan babanku ya rasu? Ba gori nake miki ba. Kin tambaya ne.

Abin da ya ƙara min ciwo, Madam Naomi ma irin fahimtarki ta yi. Da na ce mata a nemi wata, sai ta kama hannuna ta ce, "Hajiya, ni ma na shekara biyar ban kai Gidiyon coci ba, na san abin da kike ji, za ki wuce wurin." Na ce mata ba haka ba ne, na yi mata bayani. Ta ce ta san al'adar, ta zauna da Hausawa tun tana yarinya, amma ba ta ɗauka har yanzu ana riƙe ta haka ba. Ta ba ni haƙuri. Matar kirki ce. Amma na ga a idonta ba ta gama yarda ba.

An nemi wata ɗin. Maman Mardiyya ta yarda, mijinta ya hana. Wata kuma ta ce ita in ta ga lasifika muryarta ɗaukewa take. Madam Naomi za ta yi bayanin doka da Turanci, amma ta ce dole a sami uwa da za ta yi da Hausa, domin yawancin masu jin rediyo da ita za su ji, su ne kuma za su matsa wa wakilansu. Magana ta sake dawowa kaina.

Sai ga Gwaggonku Rabi ta zo daga Kinkinau ranar Juma'a. Ban san wa ya kai mata ba. Ko ruwa ba ta sha ba ta fara.

Ta ce, "Turai, me nake ji? Wai za ki je gaban hukuma ki kwance wa gidanmu zani?"

Na ce, "Yaya, ba a kai ga yanke shawara ba."

Ta ce, "Har da shawara? Mace da girmanki ki kama sunan ɗan fari a rediyo, kamar 'yan matan yanzu masu kiran miji da sunansa? Uwa ba ta kira. Mu ne masu kira. Don me aka yi gwaggo, don me aka yi kaka?"

Yayanki yana zaune a bakin ƙofa yana jera murafen kwalba. Ta wuce shi da ta shigo, ta wuce shi da za ta fita. Abin da ta ce masa kawai, "Kai, janye ƙafarka."

Ba ki san wannan ba sosai, domin ba a haife ki ba. Da aka yaye shi ita aka ba, kamar yadda ake yi da ɗan fari. Ta ɗauke shi da guɗa, ta yi masa kaya, tana yawo da shi gida gida. Ni kuwa ko kallonsa ba na yi a gaban mutane, kuma hankalina a kwance, domin na san akwai mai yi masa abin da ni ba zan yi ba. Da ya kai shekara huɗu bai yi magana ba, aka fara cewa ɗan ruwa ne, sai ta dawo da shi da kayansa a ƙulle cikin zani. Ta ce iskar gidanta ba ta karɓe shi ba. Babanku bai hana ba, yayarsa ce.

Ranar Juma'ar nan da ta gama faɗanta, ta tashi. Na raka ta har bakin titi, na tare mata Keke. Amma tun da ta tafi maganarta nake ta juyawa a raina.

Ban ce eh ba, ban ce a'a ba. Madam Naomi ta ce sunana ta bayar, in na fasa lokacinmu ya tafi a banza. Ki yi karatunki. Na yafe miki, amma kada ki sake yi min irin wannan tambayar.

Mahaifiyarki,
Turai


Gombe
Agusta

Ummata,

Assalamu alaikum. Na karanta, na yi kuka, na ji kunyar kaina. Ba zan sake ba. Allah ya ƙara miki lafiya, ya bar mana ke. Mun fara jarrabawa, ta farko ta yi sauƙi.

Ga wata shawara, in kin ga ta yi. Ki je ki yi maganar, amma ki ce "ɗana" kawai, ko "yaron wajena" yadda kika saba. Ki roƙi Madam Naomi ta tsaya kusa da ke. Idan an tambayi suna, ita ta faɗa. Ba wanda zai ce kin karya al'ada, kuma an ji abin da ya kamata a ji. Gwaggo za ta yi fushi ko ta yaya, wannan kam ba makawa, amma ba za ta sami abin kamawa ba.

Ki rubuta abin da za ki faɗa da manyan baƙaƙe, ki bar fili tsakanin layuka. Ki sha maganinki kafin ki fita, ki karya da wani abu ko ba kya jin yunwa. Kada ki je da Yaya, kin san yadda ƙarar lasifika take firgita shi, ki bar shi wurin Maman Ezra. Ki gaya musu maganar takalmin da zaman zaure. Ki gaya musu abin da kike tsoro, kada ki tsaya yi musu godiya har lokaci ya ƙare, na san halinki.

In kuma kin ji ba za ki iya ba har ranar, Umma, ki zauna a gida. Lafiyarki ta fi min. Da gaske nake.

Zan kasance a ɗakin jarrabawa a lokacin, waya a kashe. Ki rubuto min duk yadda aka yi, kada ki rage komai.

'Yarki,
Nafisat


Unguwar Kanawa
Ƙarshen Agusta

Nafisat 'yata,

Assalamu alaikum. Ina fatan an gama jarrabawa lafiya, Allah ya ba da sa'a. Muna lafiya. Na ce miki a waya na je, sauran sai a takarda. Ga shi.

Na bi shawararki. Na sha magani, na sha koko, na kai yayanki ɗakin Maman Ezra da murafensa. An yi ruwa da safe, muka isa da gefen zanina a jiƙe. Ɗakin taron babba ne, ga sanyin na'ura har cikin ƙashi. 'Yan kwamitin suna zaune a sama a jere, mu muna ƙasa. Shugaban makafi ya fara, mutum mai barkwanci, ya sa kowa dariya sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Na kurame ya yi da hannu ana fassarawa. Wata yarinya a keken guragu ta yi Turanci kamar lauya, ashe lauyar ce. Ina kallonsu ina cewa a raina, kowa ya zo da bakinsa. Mu kaɗai muka zo da bakin aro.

Da aka kira mu, Madam Naomi ta yi nata a taƙaice, ta miƙo min abin magana, ta tsaya a gefena kamar yadda muka shirya. Na duba takardar da na rubuta, na kasa bin layi. Na ninke ta. Na ce ni ce Turai daga Unguwar Kanawa, mijina ya rasu, ina da yaro a wajena wanda ya haura ashirin. Na faɗi yadda yake, abin da yake iyawa da wanda ba ya iyawa. Na ce yana iya wanke kwano ya fi ni tsafta, yana iya jera abu ɗari ba kuskure, amma ba ya iya tsallaka titi. Na faɗi maganar takalmin. Na ce ina da hawan jini, kuma duk ranar da kaina ya sara, ba mutuwa nake tsoro ba, washegarinta nake tsoro, wa zai buɗe masa ƙofa.

Sai shugaban kwamitin, wani dattijo mai farin gilashi, ya ce, "Hajiya, ya sunan yaron? Domin a rubuta."

Madam Naomi ta matso za ta faɗa. Kafin ta buɗe baki, sai ya ɗaga hannu yana murmushi ya ce, "Af, tsaya. Ɗan fari ne ko?"

Na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Allah sarki. A bar ta, a bar ta. Irin iyayenmu ke nan, yanzu sun yi ƙaranci. Magatakarda, rubuta wani yaro kawai, ya isa."

Aka yi dariya mai daɗi, wasu har da tafi. Wani a baya ya ce, "Hajiya ta san girma." Da kyakkyawar niyya ya yi, Nafisat, sauƙi ya nema min, kuma na ga sauƙin a gabana, in ce na gode in zauna. Kowa ya yaba, Gwaggonku ma ba za ta sami ta cewa ba.

Amma na ga magatakardan ya sunkuya yana rubutawa. Wani yaro. Mutum da gemunsa. A asibiti mai lamba kaza ne, a unguwa dolon gidan Turai ne, a wurin dangin ubansa "kai" ne. Yau kuma an kawo shi har inda ake yin doka, zai shiga takardar hukuma a wani yaro, kuma ni ce na jawo, ana tafa min.

Ban san lokacin da na ce, "Ranka ya daɗe, a dakata" ba.

Na ce, "Gaskiya ne uwa ba ta kiran ɗan fari. Amma an yi haka ne domin akwai masu kira mata. Akwai kaka, akwai gwaggo, akwai gidan da za a kai shi riƙo a shagwaɓa shi. Uwa tana kawar da kai ne domin ta san wasu suna kallo. Irin namu yaran, ranka ya daɗe, dawo mana da su ake yi. Ni na kawar da kai shekara da shekaru ina jiran mai kira, ban samu ba. Abin da ya kawo mu nan ke nan, muna neman wanda zai san sunansu idan ba mu. To ba zan zo neman haka in ɓoye muku sunan ba."

Sai na faɗa. Sharhabil Ayuba. Ga shi na rubuta miki ma. Ya fito da ƙarfi ta lasifika, ya cika ɗakin, na ji kamar na tsaya ba mayafi. Ba wanda ya tafa wannan karon. Dattijon ya cire gilashinsa ya ce wa magatakarda, "Goge wancan. Rubuta yadda ta faɗa." Ya tambayi Madam Naomi ko mun kawo sashen da muke so a rubuce, ta miƙa. Ya ce kwamiti zai duba shi, kuma za a kira ƙungiyarmu idan an zo tace ƙudirin. Ban san yadda na koma kujera ba. Madam Naomi ta ce kada in ɗauka an gama, tafiyar da saura, sai mun riƙa bin wakilanmu ɗaya bayan ɗaya. Amma ta ce an buɗe mana ƙofar da a da babu ita. A Keke muna dawowa ta riƙe hannuna har Kawo.

Gwaggonku ta ji. Ta aiko a gaya min na tozarta ta a duniya, ko da yake ban ambaci sunanta ba, kuma kada in taka gidanta. Matar Kawunku Rabe ta kira ta ce na burge ta, ban san ko da gaske take ba. A wurin ɗibar ruwa wasu sun gaishe ni da fara'a, wasu sun yi kamar ba su gan ni ba. Abin yana damuna, ba zan ce miki ba ya damuna ba. Jiya sai da na kwanta da rana.

Washegarin zaman ne aka sa a rediyo, bayan la'asar. Ban yi niyyar ji ba, Maman Ezra ce ta kawo tata ta ajiye a kan taga ta ƙara murya. Ina tsakar gida ina tsince wake. Yayanki yana bakin ƙofa ya ba ni baya, yana jera murafensa, bai kula da komai ba. Aka sa na makafi, aka sa na lauyar, sai na ji muryata, wata siririya kamar ba tawa ba. Na ji kamar in shige ƙasa. Har aka zo wurin.

Rediyo ta ce, "Sharhabil Ayuba."

Ya ce, "Na'am."

Ya ajiye murafen, ya tashi, ya je gaban taga ya tsaya, hannuwansa a baya, yadda yake tsayawa in za a aike shi. Rediyon ta wuce zuwa maganar wani. Shi kuwa yana tsaye yana jira. Maman Ezra ta toshe bakinta da gefen zani ta shige ɗaki.

Na ɗauka na majalisa ne mai wuya. Wannan ya fi. Babu lasifika, babu kwamiti, daga ni sai shi sai tiren wake. Na kira shi, a hankali. Ya juyo yana duban rediyo yana dubana. Na sake kira. Ya ce na'am, ya zo ya tsaya a gabana yana jiran aike.

Ba ni da aiken da zan yi masa. Na matsa a kan tabarma na ce ya zauna. Ya zauna.

Ki zo da zarar an sallame ku. Allah ya yi miki albarka, ya kawo min ke lafiya.

Mahaifiyarki,
Turai